Digirin Bayoloji a Jami'ar Ahmadu Bello

Digirin Bayoloji karatu ne na shekara huɗu a fannin ilimin halittu masu rai, wato tsirrai da dabbobi da ƙananan halittun da ido ba ya gani. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962, ana yin sa a harabar Samaru, ƙarƙashin Tsangayar Kimiyyar Rayuwa. Tana cikin jami'o'in da suka fi kusa da ɗaliban ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara a arewacin Jihar Kaduna.

Sharuɗɗan shiga

Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. A jarrabawar JAMB, mai nema yakan rubuta Turanci da Bayoloji da Kimistiri, sai ya haɗa da Fizis ko Lissafi. Wanda ke da sakamakon IJMB, shirin da jami'ar ke kula da shi, ko takardar NCE a fannin da ya dace, yana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu.

Tsarin karatu

Kowace shekara tana da zango biyu. A aji ɗaya ɗalibi yana ɗaukar darussan kimiyya na bai ɗaya tare da sauran ɗaliban kimiyya. Daga aji biyu ake shiga ainihin fannin: tsarin ƙwayar halitta, ilimin gado, rabe-raben tsirrai da dabbobi, ilimin muhalli, ƙwari, ƙwayoyin cuta masu rayuwa a jikin wasu halittu, da lissafin ƙididdiga. Darussa da dama suna da aikin ɗakin gwaje-gwaje da fita fili. Jami'ar tana da lambun tsirrai da ɗakin adana busassun tsirrai, kuma madatsar ruwan Kubanni na cikin wuraren da ake ɗebo samfurin ruwa da kifi.

Kafin aji na ƙarshe, ɗalibi yana zuwa koyon aiki na SIWES, sannan a aji huɗu ya gudanar da bincike ƙarƙashin malami, ya rubuta kundi, ya kare shi. Ana auna sakamako da maki 5.00: daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50.

Alaƙa da noman yankin

Kudan da Makarfi sun yi suna wajen noman rake, Ikara kuma wajen tumatir. A shekarar 2016 tsutsar Tuta absoluta ta lalata gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Gane irin wannan ƙwaro da yadda yake hayayyafa aiki ne na masanin halittu. Haka ma yaƙi da wuta-wuta, ciyawar da ke tsotse saiwar dawa da masara. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsar wake a 2019.

Bayan kammalawa

Bayan hidimar ƙasa ta NYSC, masu wannan digiri sukan koyar a makarantun sakandare, ko su yi aiki a cibiyoyin bincike irin su IAR, da NAPRI ta Shika, da cibiyar binciken cutar sammore ta Kaduna. Wasu kan ci gaba zuwa digiri na biyu. Mai son koyarwa yana buƙatar ƙarin diflomar PGDE da rajistar hukumar TRCN. Digirin bai ba mutum izinin aikin likita ko na gwajin jini a asibiti ba, domin waɗannan suna da nasu karatun da lasisi daban.