Jinyar Fursuna Mai Ciwon Ajali

Idan ciwon daji ya bazu a jikin fursuna, ko huhunsa ya lalace har magani ya kasa, aikin likita yakan koma rage masa zafin ciwo da sauƙaƙa masa numfashi. Ƙa'idojin Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun ce fursuna ya cancanci jinya daidai da ta mutumin waje.

Aikatawar ce da wuya. Mofin yana kashe zafin ciwon daji, ɗan kaɗan daga cikinsa kuma yana rage sarƙewar numfashi, amma a gidan yari kulle shi ake yi don gudun sata. Ciwo kuwa yakan tashi da tsakar dare, bayan an rufe ɗakuna. Mai ciwon huhu yana bukatar oksijin da wanda zai tashe shi zaune. Wani ma da ankwa ake kai shi asibiti, alhali ko tsayuwa ba ya iyawa.

A kurkukun Angola da ke Luwiziyana, Amurka, ana horar da fursunoni su yi wa mara lafiya wanka, su ciyar da shi, su zauna kusa da shi har ya cika.

Akwai kuma sakin jinƙai, domin mutum ya mutu a gida. Sai dai likita ba ya iya ƙayyade ranar. Sukotilan ta saki Abdelbaset al-Megrahi a 2009 bisa zaton saura masa wata uku. Sai 2012 ya rasu.