Shaiɗan, Iblis da Maye: Tarihin Sunaye Uku

A kasuwar Maraɗi ko ta Kumasi, idan yaro ya gyara rediyon da ta gagari manya, sai a ce, "Kai, wannan yaro shaiɗani ne!" Idan mutum ba ya iya wuni sai da shayi, sai a kira shi mayen shayi, shi kuwa ya yi dariya. Amma a ƙauye, idan aka nuna tsohuwa da yatsa aka ce mayya ce, ba mai dariya. Kalma ɗaya ce, a wani bakin yabo, a wani bakin kuwa hukunci. Domin a gane yadda haka ta faru, sai an bi sawun kalmomin nan zuwa inda suka fito.

Sunan nan Shaiɗan asalinsa tsoho ne ƙwarai. A Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, satan na nufin abokin gāba, ko mai ƙara a gaban alƙali. Da fari ba sunan wani ɗaya ba ne. A Littafin Ƙidaya sura 22, da kalmar nan aka kwatanta mala'ikan Ubangiji da ya tare wa Bal'amu hanya. A Sarakuna na Fari sura 11, da ita aka kira Hadad mutumin Edom, wanda ya tayar wa Sulemanu da hankali. Sai a Littafin Ayuba da Zakariya sura 3 ne mai karatu zai ga wani na musamman, wanda aikinsa ke nan ya tsaya gaban Allah yana kai ƙarar mutane. Bai taɓa Ayuba ba sai da ya fara ɓata shi da baki, ya ce don arziki kawai yake tsoron Allah.

Tun wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya littattafansu zuwa Helenanci. Da suka zo kan satan, a wurare da yawa suka sa diyabolos, wato mai yanke, mai ɓata suna. Marubutan Sabon Alkawari suka yi aiki da sunayen biyu. Masana da yawa suna ganin daga diyabolos ne Larabci ya sami Iblis. Ashe kuwa sunayen biyu magana ɗaya suke yi, ɗaya mai ƙara, ɗaya mai tsegumi.

Ta hanyar Larabci ne sunayen nan suka shigo ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya faɗi zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, suna ɗauke da addinin Musulunci. Tare da karatun malamai, Shaiɗan, Iblis da aljan suka zauna a bakin mutane. Amma sun tarar da masu gida. Maguzawa da Azna suna da iskoki, farare da baƙaƙe, waɗanda 'yan bori suke yi wa hidima. Akwai dodo. Akwai kuma maye, wanda shi ba ruhu ba ne, mutum ne, maƙwabci ko dangi, da ake cewa yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwar mutane. An ce ana shan maita a nono, an ce kuma ana saye. Wanda ya ji tsoro yakan ce, "Kurwata kur!" Wanda aka tuhuma kuwa akan tilasta shi ya tsallake majiyyaci a gaban jama'a, wai don ya saki kurwar.

Wannan ne harshen da masu juya Littafi Mai Tsarki suka tarar. James Frederick Schön, Bajamushe na mishan ɗin CMS, ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya fara tara kalmomin Hausa. Daga baya ya sami taimakon Dorugu, wani yaro daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka 'yantar da shi, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855. Daga bakin yaron nan Schön ya ɗebi Hausa mai yawa. Ƙamus ɗinsa ya fito a 1876, littafin Magana Hausa kuma a 1885. Bayansa Likita Walter Miller, wanda ya yi shekaru a Zariya, shi da abokan aikinsa Hausawa da Turawa suka kammala dukan Littafi Mai Tsarki, aka buga a 1932. Littafin ya ƙetare iyaka zuwa Nijar, inda 'yan mishan na SIM suka sauka a Damagaram tun 1924. Wata sabuwar juyi kuma ta fito a 1979.

Masu juyin ba su ƙirƙiro sabon suna ba. Sun ɗauki Shaiɗan da Iblis, waɗanda kowa ya riga ya sani, suka kuma sa aljanu domin ruhohin da Yesu ya fitar daga mutane. Wannan ya sa Littafin ya shiga kunne da sauƙi. Sai dai akwai abin da ya ɓuya. Bayahude yana jin satan, ya ji mai ƙara. Baheleni yana jin diyabolos, ya ji mai yanke. Bahaushe kuwa suna kawai yake ji. Ga misali: a Timoti na Fari sura 3 da Titus sura 2, inda Manzo Bulus ya gargaɗi mata kada su zama masu yanke, kalmar da ya rubuta ita ce diyabolos, wadda a wasu wurare aka juya ta Iblis. Mai karanta Hausa ba zai ga wannan dangantaka ba sai an nuna masa.

Ana nan, yawan faɗa ya sa kaifin kalmomin ya dushe. Shaiɗani ya zama mai wayo ko gwanin da ya wuce misali. Aljani ya zama mai aikin da ba a san yadda ya yi ba. Ɗan iska ya zama zagin mara kunya, ba wanda ke tuna iskoki. Maye kuwa ya zama wanda son abu ya kama shi: mayen goro, mayen kuɗi, mayen ƙwallo. Turawan Ingila ma haka ta same su. Kalmarsu fiend da farko maƙiyi take nufi, ta koma Iblis, daga baya kuma ta zama sunan wanda ƙwaya ko wani sha'ani ya mallake shi.

Akwai gaskiya a cikin wasan nan, gama ana cewa maye ba ya ƙoshi, kuma wanda giya ko caca ta kama shi, da gaske yana cinye gidansa. Irin wannan yana bukatar taimakon ikilisiya, dariya kaɗai ba ta isa ba.

Amma babban hatsari yana wurin da kalmar ba ta dushe ba. Har yanzu, idan zazzaɓi ko ƙyanda ta ɗauki yaro, akan nemi wanda za a ɗora wa. Sau da yawa gwauruwa ce, ko tsohuwa mara 'ya'ya, ko baƙon da ba shi da mai tsaya masa. A daina cin tuwonta, a hana auren jikokinta, wani lokaci a kore ta daga gari. Abin baƙin ciki, akan sami masu bi a cikin taron, suna tsammani yaƙi suke yi da Shaiɗan.

Tarihin sunan ya nuna akasin haka. Wahayin Yahaya sura 12 ta san Shaiɗan da aikin kai ƙarar 'yan'uwa dare da rana. Doka ta tara kuma ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Wanda ya tashi ba shaida, ba hujja, ya ce wance mayya ce, ya ɗauki ainihin aikin da ya ba Iblis sunansa. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Yesu bai taɓa nuna wata tsohuwa ya ce ita ta jawo wa wani ciwo ba, warkar da marasa lafiya ya yi. Ikilisiyar da ta san asalin sunan magabcinta za ta kai yaron asibiti, ta yi masa addu'a, ta kuma zaunar da tsohuwar a wurinta ran Lahadi.