Karo-karo a Ƙasar Gabi: Daga Gayya Zuwa Asusun Unguwa

Karo-karo don aikin gari ya girmi takardar kuɗi a ƙasar Gabi, wadda ke kudancin Maradi cikin gundumar Madarunfa, dab da iyakar Najeriya. A ƙarni na 19, bayan sarakunan Haɓe na Katsina sun kafa mulkinsu a Maradi, dajin da ke tsakaninsu da Katsina ya zama hanyar mahara. Garin da bai kewaye kansa da shinge ko ganuwa ba, bai kwana da ido biyu rufe ba. Abin da kowane gida ke bayarwa a lokacin ƙarfi ne da hatsi: magidanci ya fito da ɗansa wajen gyaran shinge ko yasar rijiya, mata su kawo fura, makaɗi ya bi masu aiki da kirari. Wanda ya noƙe ba a kai shi gaban alƙali. Ranar da rufin ɗakinsa ya faɗi, sai ya ga babu wanda ya zo.

Zuwan Faransawa ya kawo wani biya na dabam, wato lanho, wanda ake karɓa bisa kan mutum ta hannun mai gari, da aikin dole da ba a soke shi ba sai 1946. Kuɗin sukan bar gari, ba a sake jin ɗuriyarsu. Tun daga nan talaka ya raba abin da ake karɓe masa da abin da yake zubawa da hannunsa. Bayan juyin mulkin 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya, aka gina azuzuwa, aka yi sharar gari ƙarƙashin sarkin samari, sai dai umarnin daga sama yake zuwa, kuma ƙungiyar ta yi sanyi bayan rasuwarsa a 1987.

Famfon burtsatse ne ya koya wa ƙauyuka amfanin asusu. Rijiya igiya da guga take so, amma famfo ƙarfe ne, yana da kayan da ke cinyewa, waɗanda sai an je birni a saya, a kuma biya mai gyara. Don haka aka kafa kwamitocin ruwa, da shugaba da ma'aji da mai zama bakin famfo yana karɓar 'yan daloli kan kowace jarka. Inda ake zubi a kai a kai, famfo ya lalace da safe a gyara shi cikin mako. Inda aka bari sai ya lalace sannan a fara bin gida-gida, yakan yi watanni a tsaye, musamman da bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mata su koma ɗibar ruwan gulbi da tabki, yara su kama gudawa. Sau da yawa abin da ke kashe kwamiti rashin bayani ne, domin ma'ajin da ba ya ƙirga kuɗi a bainar jama'a, ko da bai ci ko dala ba, zargi zai bi shi.

Mata ne suka fi gane wannan. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, bisa tushen adashin da aka sani. Mata su zauna kan tabarma kowane mako, a kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ajiye zubinta a gaban kowa, a ƙirga da babbar murya, a kulle akwatin ƙarfe da makullan da ke hannun mata dabam-dabam. Wadda ta makara akwai tara. Banda kuɗin rance, akan ware ɗan abu don haihuwa, rashin lafiya ko gobara. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama.

Dajin Baban Rafi da ke yankin ma ya shiga lissafi. Dokar 1992 kan kasuwannin itace na karkara ta ba ƙauyuka ikon sayar da itacen dajinsu, ta kuma bar musu kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na harajin da ake karɓa daga masu motocin da ke kai itace Maradi, don gyaran daji da ayyukan gari.

Gabi ta sami zaɓaɓɓiyar majalisar ƙaramar hukuma a zaɓen 2004, tana dogaro da harajin da masu gari ke tarawa da kuɗin kasuwa. A 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa kantomomi. Kwamitocin ruwa, na makaranta da na masallaci, da akwatunan mata, ba su cikin abin da aka rushe, kuma da zubinsu ake sayen alli, a biya mai gyaran famfo, a yi wa masallaci yaɓe kafin damina.