Bashi ko Tallafi? Mazan Jiyan Filifin a Dokar Farfaɗo da Tattalin Arzikin Amurka

Ranar 17 ga Fabrairu 2009 Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar kashe dala biliyan 787 domin farfaɗo da tattalin arzikin Amurka. Kusan sulusin kuɗin sassaucin haraji ne, saura kuwa ayyuka da tallafi. 'Yan Rifablikan sun nace rage haraji ya fi kashe kuɗin gwamnati amfani, har babu ko ɗayansu da ya goyi bayan dokar a Majalisar Wakilai. Cikin wannan taƙaddama aka tsinci wani ɗan sashe: dala miliyan 198 ga tsofaffin sojojin Filifin na Yaƙin Duniya na Biyu, dala 15,000 ga mai takardar zama ɗan Amurka, dala 9,000 ga wanda ba shi da ita.

Sanata John McCain yana cikin masu sukar sanya shi a dokar. Hujjarsu ita ce kuɗin da tsoho zai kashe a Manila ba zai samar wa kowa aiki a Amurka ba. Ta fuskar tattalin arziki suna da gaskiya. Sai dai ba da wannan mudun ya dace a auna sashen ba, domin asalinsa bashi ne.

A 1941, lokacin Filifin tana ƙarƙashin Amurka, Shugaba Roosevelt ya shigar da sojojinta cikin rundunar Amurka. Su ne Japanawa suka kora a ƙafa daga Bataan a 1942, da yunwa da ƙishirwa, dubbai suka mutu a hanya. Da ƙura ta lafa, majalisar Amurka ta yi doka a 1946 ta soke musu yawancin haƙƙoƙin tsohon soja. Alkawari kaya ne, amma aka sauke shi.

Shekara 63 suna jira, mutuwa tana ɗaukarsu ɗai-ɗai. Shi ya sa Sanata Daniel Inouye ya rataya sashen a dokar da ya san za ta wuce. Kuɗin ma kusan dala ɗaya ne kawai cikin kowace dubu huɗu na dokar, kuma dubban masu nema an hana su saboda babu sunansu a kundin rundunar soja.

Don haka sashen bai farfaɗo da komai ba, kuma ba don haka aka yi shi ba. Abin zargi shi ne majalisar da ta bari sai ta wannan ƙofa bashin ya samu biya.