Ciniki da jinginar gida a Aujara: abin da doka ta tanada

A garin Aujara da ke ƙaramar hukumar Jahun a jihar Jigawa, kamar sauran garuruwan masarautar Dutse, akasarin cinikin gida yakan ƙare ne a zaure. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a ba da kafin alƙalami, shaidu su sa hannu, mai unguwa ko dagaci ya tabbatar, sannan a yi addu'a a watse.

Wannan takarda tana da daraja a idon jama'a, kuma hujja ce cewa an biya kuɗi. Sai dai ita kaɗai ba ta cika sharuɗɗan dokar ƙasa ba, kuma mai gida yakan gane haka ne ranar da ya nemi bashin banki ko kuma wani ya taso da da'awa.

Ƙasa a hannun gwamna

Tushen lamarin shi ne dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin mulkin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa. Dokar ta damƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya ta musamman.

Ga arewacin Najeriya wannan ba sabon abu ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da dokar Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun aza irin wannan tsari.

Ma'anar haka ita ce wanda ya sayi gida ya sayi ginin ne da haƙƙin zama a filin. Gwamna ne ke ayyana yankunan da ake ɗauka a matsayin birane, kuma shi ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da satifiket, galibi ta shekara 99 ga gidan zama. A wajen birane kuwa ƙaramar hukuma na da ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya.

Don haka abu na farko ga mai sayen gida a Aujara shi ne ya gano rukunin da filin ya faɗa, ta hanyar tambaya a sakatariyar Jahun ko ofishin filaye na jiha a Dutse.

Bincike kafin biya

Babban aikin lauya yana zuwa ne kafin kuɗi su bar hannu. Idan gidan yana da satifiket, zai duba rajistar filaye domin tabbatar da cewa sunan mai sayarwa ne a kai, ba a jinginar da gidan ba, gwamnati ba ta soke mallakar ba, kuma ba a bin kuɗin ƙasa. Jihar Jigawa ta fito ne daga jihar Kano a 1991, saboda haka tsofaffin takardu na iya ɗauke da sunan Kano.

Idan babu satifiket, binciken yakan koma kan maƙwabta, masu unguwa da dattawan da suka san asalin wurin. Safiyo kuma zai auna filin ya fitar da taswira, domin rigimar iyaka na daga cikin abin da ke raba maƙwabta.

Gidan gado da shuf'a

Gidan gado ya fi kowanne buƙatar taka-tsantsan. Babban ɗa ba shi da ikon sayar da kason ƙannensa ko na matan mamacin ba da yardarsu ba, kuma kason maraya yana da nasa sharuɗɗan. Takardar rabon gado daga kotun shari'a ita ce ke nuna wanda ya mallaki me.

Akwai kuma shuf'a. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa na iya karɓar kason ta hanyar biyan daidai kuɗin da aka saya. Mai saye da bai tuntuɓi sauran magada ba yana iya wayar gari an mayar masa da kuɗinsa.

Amincewar hukuma

Bayan an daidaita, lauya yakan rubuta yarjejeniyar miƙa haƙƙin mallaka. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a sayar da fili mai haƙƙin da gwamna ya bayar, ko jinginar da shi, sai da amincewar gwamna. Sashe na 21 ya nemi amincewar ƙaramar hukuma a kan haƙƙin gargajiya. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne.

Daga nan sai a biya harajin hatimi, a shigar da takardar a rajista. Rajistar ce ke kare mai saye idan aka sayar da gida ɗaya ga mutum biyu.

Jingina da sake jingina

Bahaushe ya daɗe da sanin jingina, inda mai ba da bashi ke riƙe gona har ranar fansa. Ta banki ta bambanta: mai gida yana zaune a gidansa, takardu ne ke hannun banki, amma idan ya kasa biya ana iya sayar da gidan.

A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙolin Najeriya ta rushe wata jingina saboda ba a nemi amincewar gwamna ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa bankuna ba sa sassauci a kan takardu, kuma ba kasafai suke karɓar gidan da takardar zaure kaɗai ke gare shi ba.

Mai son mayar da bashinsa zuwa wani banki sai ya biya na farko, ya karɓi takardar sakin gida, a shigar da ita a rajista. Sakin ba ya buƙatar sabuwar amincewa, amma sabuwar jinginar tana buƙata, tare da sabon haraji da ladan lauya. Ya kamata a lissafa waɗannan kafin a yanke cewa sauyin yana da riba.

Ma'aikata na iya neman rance daga asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992. Masu gudun kuɗin ruwa kuma suna da bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, inda ake amfani da tsarin murabaha ko ijara. Su ma sai sun ga ingantattun takardu kafin su sa kuɗinsu.