Ƙaramar mota ta hannu: abin da take ci bayan an saye ta

Yawancin ƙananan motocin da ke kan titunan Yamai, Maraɗi, Garwa da Njamena na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Turai, Amurka ko Japan ta tashoshin ruwan Kotonu, Lome da Duwala. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 waɗannan yankuna uku sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Tun da motar ta riga ta yi shekaru kafin ta iso, kuɗin gyaranta ne ke nuna ko an yi riba ko asara.

Samun kayan gyara

Toyota Corolla, wadda aka fara ƙerawa a 1966, ta wuce miliyan 50 da aka sayar a duniya a 2021. Yawanta ne ya sa da wuya a rasa bakaniken da ya santa, kuma kayanta, sabbi da na hannu, suna ko'ina. Haka Starlet, wadda aka daina ƙera tsohon samfurinta a 1999 amma masu tasi ba su rabu da ita ba. Motar da ba ta yawaita a gari ba, ko da ta fi araha ranar ciniki, tana iya yin makonni a gareji ana jiran abu ɗaya. Hanyar da kaya ke bi ma tana shafar farashi: bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da ke bi ta Kotonu sun koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso.

Abubuwan da suka fi lalacewa

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, injin ya riƙa shan mai. Zafin bazara yana gajiyar da batir da lagireto, ramuka kuma su cinye shoka da robobin ƙafa. Man bakin hanya, idan yana da datti ko gauraye, yana kashe famfon mai. Kowace mota kuma da nata rauni: Peugeot 206 an santa da lalacewar gatarin baya idan ta tsufa.

Bel ko sarƙa

Tsofaffin injinan Corolla da Starlet suna aiki da bel ɗin taimin, wanda ake canzawa wajen kilomita 100,000. Injinan Corolla na shekarun 2000 masu shan fetur sarƙa gare su, wadda ta fi daɗewa muddin ana canza baƙin mai kan lokaci. A wasu motocin, irin su 206, tsinkewar bel tana lanƙwasa bawul, gyaran ya ninka kuɗin bel ɗin sau da yawa.

Lissafin shekara

Ban da man sha, mai mota ya tanadi kuɗin inshora, binciken lafiyar mota, takardun haraji, tayoyi, birki da canjin baƙin mai, wanda a ƙasa mai ƙura ake so a yi kowane kilomita 5,000. Kafin biyan kuɗi, a kai motar wurin bakaniken da ba na mai sayarwa ba. A duba hayaƙi, tsatsar ƙasa, yoyon mai da takardun kwastan, a kuma gwada lambar shasi da wadda ke kan takarda. Kada a dogara da kilomitar da agogon motar ya nuna, domin ana iya mayar da ita baya.