Nas ɗin da ta fara bin marasa lafiya gida-gida

Rubutun wannan makon daga cikin gidanmu ya taso. Wata biyar ke nan da Baffa, wan mahaifina, ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti ake gardama ɗaya: a ɗauki nas ta riƙa zuwa, ko a bar wa Inna da yara jinyar kamar yadda aka saba? Ina cikin neman hujjar da zan kare ra'ayina ne na ci karo da labarin William Rathbone, wani attajiri na birnin Liverpool a Ingila.

A shekarar 1859 matar Rathbone ta rasu a gida. Lokacin jinyarta ya ɗaukar mata nas mai suna Mary Robinson, ya kuma ga sauƙin da hannun gwani ke kawo wa mai ciwo. Bayan rasuwar sai tunanin talakan da ba shi da kuɗin ɗaukar nas ya dame shi. Ya ɗauki Robinson aikin wata uku, da kuɗin aljihunsa, ta riƙa shiga unguwannin talakawa tana duba marasa lafiya a ɗakunansu. Wata ɗaya kacal ta yi ta dawo ta ce a sallame ta, wahalar da ta gani ta fi ƙarfinta. Ya lallashe ta ta koma, daga baya kuma ita da kanta ta zaɓi zama a aikin.

Da ya so faɗaɗa abin sai ya rasa ƙwararrun ma'aikata. Ya nemi shawarar Florence Nightingale, ta ce ya horar da nasa. A 1862 aka kafa makarantar koyon aikin nas a jikin babban asibitin birnin, aka raba Liverpool gunduma 18.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suka raba aikin. Kowace gunduma tana da nas, tana kuma da wata mata mai hali da ke kula da abinci, shimfiɗa da sauran buƙatun gida. Nightingale ta nace cewa nas ba mai rabon sadaka ba ce. Aikinta ta yi jinya, ta kuma koya wa mutanen gida yadda za su ci gaba idan ta fita. Ashe gardamar gidanmu tun farko a karkace muka ɗauko ta, domin su ba su zaɓi ɗaya sun bar ɗaya ba.

Inna ta fi kowa sanin kunun da Baffa ke iya haɗiyewa, ita ce kuma ke gane abin da yake nufi idan harshe ya ƙi. Amma ba ta san cewa jan da ya fito a ƙugunsa mafarin gyambon kwanciya ba ne, sai da ya fashe. Canza robar fitsari, wanke gyambo da auna hawan jini ba a yin su da ƙauna kaɗai.

(Mu ma a littattafanmu, da zarar jarumi ya kwanta sai gadon asibiti da ƙarin ruwa. Ban cika ganin an rubuta wadda ke tashi ƙarfe biyun dare ta juya shi ba.)

Yanzu nas tana zuwa Litinin da Alhamis. Ta nuna wa Inna da ƙanena yadda za a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, muka manna jadawalin a bayan ƙofa. Gyambon ya fara kamewa. Kuɗin nas ɗin kuwa har yau ba mu gama daidaita wanda zai riƙa biya ba.